Mai Gadin Gida da Na Haya

Kalabakan, Sabah
Bayan ƙaramar salla

Ndi Cenning, ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga gida ba, ina gaida mutanen Parepare, masu tunawa da ni da waɗanda suka riga suka binne ni da rai. Ina fata kun yi salla lafiya. Ni lafiyata lau, in ban da kunnen nan da injin matsar manja ya kusa gamawa da shi. Ran Lahadi na hau tudun bayan gona inda waya ke kamawa, na kira Nahariya. Matata ta yi ta zuba, ni kuwa ba abin da nake cewa sai “na'am? na'am?” har ta gaji ta kashe. Rabon da in ji muryarta sosai, kalma bayan kalma, har na manta. Ita ba ta rubutu, ni ba na jin waya, shi ya sa kullum sai mun bi ta hannunki.

Ba zan zo bikin Rosmini ba. 'Yata tilo, kuma ba zan zo ba. Takarduna na zama a ƙasar nan sun mutu, in na tsallaka iyaka zuwa Nunukan ba sauran dawowa, alhali da gumin wurin nan ake yin bikin. Kada ki bari mutane su riƙa yi wa Nahariya tambayar da za ta sa ta sunkuyar da kai.

Na san sai an hau har kan kakanni kafin a ga inda jininmu ya haɗu, amma ba ni da wanda zan ɗora wa wannan a garin sai ke, kuma ɗaukar bidiyon biki sana'arki ce. Aji Upe, mai fatauci a jirgin ruwa, za ta kawo miki kwali. A ciki akwai kwamfutar da na saya a Tawau, tunda an ce taki ta mutu. Na ba ki ita halak malak. Ki ɗauki komai, musamman sa lalle. Sannan ki zaunar da Nahariya gaban kamara ta yi mini magana, ni kaɗai. Zan nemi abin sawa a kunne, in ƙure ƙarar, in ji ta kamar tana gefena.

A ƙasan kwalin akwai faifai cikin ɗan akwati ruwan ɗorawa. Antibairos ne, mai gadin kwamfuta. Mai shagon ya ce ko ƙuda bai isa ya wuce shi ba. Ki sa shi kafin ki zuba komai.

Yayanki,
Sakka

* * *

Parepare
Bayan biki

Daeng Sakka,

Wa alaikumus salam, yayana. Muna lafiya, sai gajiyar biki da ta ƙi sakin ƙafafuna. Daeng Nahariya tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ka rage shan kofi, na ce mata takarda ba ta raba mutum da abin da ya saba. Kwali ya iso, na gode, Allah ya saka da alheri. Kwamfutar ta fi tsohuwata sauri nesa ba kusa ba.

An ɗaura, an watse lafiya. Jumardin, angon, ya yi ta zufa cikin kayan gargajiya kamar kifin da aka turara, amma yaron kirki ne, kuma a shagon waya yake aiki a Makassar, ya san kan na'urori. Barongko, kek ɗinmu na ayaba, ya ƙare tun kafin la'asar, dangin ango suka cinye har suna lasar ganyen ayabar da aka naɗe shi.

Ranar sa lalle kam na yi kuka a bayan kamara, ba zan ɓoye maka ba. An yi ta kiran ma'aurata, miji da mata, suna zuwa suna sa wa amarya lalle a tafin hannu. Da aka zo kan iyaye, Daeng Nahariya ta tashi ita kaɗai. Wani kawu ya yunƙura zai tsaya a wurinka, ta dube shi, ya koma ya zauna. Ta sa a hannun dama ta ce nata ne. Ta sake ɗiba ta sa a hagu, ta ce na Baban Rosmini ne.

Maganar da ka ce ta yi maka kuwa, sai da na yi ta roƙo. Ta ce ita ba 'yar talabijin ba ce. Can ranar walima, ana tsakiyar hidima, ta jawo ni can baya wurin tukwanen shinkafa, ta ce, “Kafa abin naki a nan, ki ja can. Ba ke zan yi wa ba.” Na kafa kamarar a kan sandarta mai ƙafa uku na koma bakin rijiya. Ta daɗe tana magana. Matsalar ita ce lasifikar makaɗa tana jingine da bangon, don haka da na kunna a shago, ganga da jita kawai ke tashi, bakinta yana motsi a ƙarƙashinsu. Na ce ta sake, ta ce, “An faɗa an gama. Irin wannan ba a maimaita ta.” Kada ka damu, akwai yadda ake tace kiɗa a bar murya, zan zauna a kai.

Faifan da ka aiko kuwa ba ma buƙatarsa. Kwamfutocin yanzu da mai gadinsu suke zuwa, yana ciki tun daga masana'anta, kuma yana aikinsa shiru. Na ajiye naka a durowa.

Ƙanwarka,
Cenning

* * *

Kalabakan

Ndi,

Salamu alaikum. Ina lafiya. Ina fata ku ma haka.

Na karanta zancen lalle a gindin kwakwa, sai da na juya wa abokan aiki baya. Amma da na kai ƙarshen takardar sai bakina ya yi ɗaci. “Ba ma buƙatarsa.” Haka kika rubuta. “Na ajiye naka a durowa.” Ashe haka abin ya zama. An yi biki ba ni, an ci an sha ba ni, ɗan abin da na ce a yi da sunana kuma an jefa shi cikin tarkace. Ranar hutuna na kashe, na hau bayan motar ɗaukar kwakwa har Tawau, ina raɓe-raɓe kada 'yan sanda su tambaye ni takarda, don in sayo faifan nan. Ke kuma daga zaune kin yanke cewa ba a buƙata.

Ki daina yi mini zancen mai gadin kyauta. Ni a tsakiyar masu gadi nake rayuwa, wanda ba a biya ba barci yake yi. Gonar nan ƙofa biyu gare ta, kowacce da mutum a kanta, shi ya sa ko buhun taki ba a sata. In na gida yana nan, madalla, a ƙara masa nawa su zama biyu. Muryar matata ce a cikin na'urar nan, ba bikin wani ɗan kasuwa ba.

Na rubuta wa Jumardin dabam. Tunda ya san na'ura, ya zo ya sa faifan, ya tabbata duka biyun suna tsaye lokaci ɗaya. Aikin farko ke nan da surukinsa ya sa shi, zan ga irin mijin da aka ba 'yata.

Na ji za su tare a Makassar. Na gaya wa Rosmini ta kula da uwarta ko daga can ne, ke ma ki riƙa leƙa ta. Da ku biyu a kanta hankalina a kwance yake.

Sakka

* * *

Parepare

Daeng,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, da fatan kuma fushin ya sauka kafin jirgi ya iso da wannan. Mu lafiya. Daeng Nahariya tana ɗan jin jiri in ta tashi da sauri, ta ce gajiyar biki ce ba ta gama fita ba.

Ni kwamfuta na ce ba ta buƙatar faifai. Ban ce gida ba ya buƙatarka ba. In kana neman inda za ka ji ciwo a cikin takarda, ba wanda zai hana ka samu.

To, an bi umarninka. Jumardin ya zo da hanzari. Da ya sa faifan, na gidan ya ja gefe da kansa ya kwanta, don haka aka gina shi: in baƙo ya karɓi ƙofa, sai ya ba shi wuri. Na ce to shi ke nan, a bar su haka. Jumardin ya ce, “A'a Gwaggo, Baba ya ce duka biyun a tsaye, so kike a ce ban da kunya tun ba a je ko'ina ba?” Ya yi ta tone-tone a cikin hanjin kwamfutar har ya tashe shi dole.

Zo ka ga abin da ka haɗa. Duk abin da na taɓa, wannan ya riƙe yana bincike, wancan ma ya riƙe, kowa ya ƙi sakar wa ɗan'uwansa. Naka ya ce na gidan ɓarawo ne, na gidan ya kama wani yanki na naka ya kulle. Fanka tana kuka kamar injin kwalekwale, ƙasan kwamfutar kuwa sai ka gasa ayaba a kai. In na ce ta buɗe bidiyon Rosmini, sai in ɗora ruwa, in sha shayi, in yi salla, in dawo in tarar tana nan tana tunani. Gonarku ƙofa biyu ce, Daeng. Nan ƙofa ɗaya ce ka tsayar da ƙarti biyu a bakinta, sun shaƙe wuyan juna, mai gida ya kasa shiga.

Lokacin aure ne, ina da bukukuwan mutane a jere har Pinrang, kuma kowa so yake a ba shi nasa tun jiya. Katin kamarar ma na goge na sake aiki da shi, komai yana cikin kwamfuta da ɗan rumbun ajiyar da ke jone da ita. Ka ba ni izini in cire ɗaya, in gama maka aikinka.

Cenning

* * *

Kalabakan

Ndi,

Ina lafiya, na gode. A gaida Nahariya, ta rage gishiri da busasshen kifi.

Ban yarda ba. Kada ki cire ko ɗaya. Na yi shekaru ina jira, ɗan wannan jinkirin ba zai kashe kowa ba. Kuma na san wanda za ki cire in na ce to, nawa ne zai koma durowa.

Na sayi abin kunnen. Baƙi ne, mai soso, irin wanda ke rufe kunne duka. Na gwada shi da rediyon wani mutumin Flores da muke ɗaki ɗaya, wallahi har numfashin mai karanta labarai na ji. Na rataye shi a ƙusa saman gadona. Samarin ɗakinmu suna ta yi mini tsiya, wai tsoho zai koma tuƙin jirgin sama. Su yi ta yi.

Ki gaya wa Nahariya na ji labarin lallen hannun hagu. Sauran zan faɗa mata in na ji nata.

Sakka

* * *

Parepare
Bayan sadakar bakwai

Daeng Sakka,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san saƙo ya riske ka ta wayar shugaban aikinku, na kuma san ba ka ji rabinsa ba, alhali haƙƙinka ne ka san yadda abin ya faru. Ba zan tambayi lafiyarka ba.

Takardarka mai zancen abin kunne ta iso ranar da aka kai Daeng Nahariya makwancinta. Ban sami gaya mata saƙonka ba.

Maƙwabciya ce ta ji kaji suna ta kuka a akurki, ba a buɗe musu ba tun jiya, ta hau matakala ta leƙa. Ta same ta a kicin, kwance kusa da murhu. Shinkafar da ke tukunya ta riga ta yi tsami. Likita ya ce jini ne ya hau ya fashe mata a kai, ya ce da an same ta da wuri, wataƙila. Wannan “wataƙila” ita ce ta hana ni sakat.

Ina Pinrang wurin bikin mutane. Na tafi da niyyar in leƙa ta in na dawo, ina cewa ai Rosmini tana kiranta safe da yamma. Rosmini kuwa ta kira ba a ɗauka ba, ta ce ai Gwaggo Cenning tana kusa, da wani abu ne da tuni ta ji. Yarinyar ba ta ci ba ta sha, tana ta cewa ita ta kashe uwarta. Don Allah kada ka ƙara mata da naka.

An yi mata sutura yadda ya kamata, an binne ta kusa da mahaifiyarka. Ni na wanke hannunta. Ɗan jan lallen biki yana nan a bakin farcenta, bai gama fita ba.

Allah ya ji ƙanta, ya ba ka haƙuri.

Cenning

* * *

Kalabakan

Cenning,

Na ga takardarki.

Mutum biyu na bar wa ita. Biyu. 'Yar da ta haifa, da 'yar'uwar da na ɗauka tawa ce. Ta kwana a ƙasan kicin kamar wadda ba ta da kowa, ke kina can kina ɗaukar masu rawa. Ba zan ce wa Rosmini komai ba, yarinya ce. Ke fa?

Mun yi mata salla a masallacin gona, ni da mutane kaɗan, ba gawa a gabanmu. Washegari na koma bakin inji, don manja bai san an yi mutuwa ba.

Ba na son a tace komai kuma. Ki zuba bidiyon yadda yake, da gangar da jitar da duk haukan, ki ba Aji Upe a jirgin da ke tafe. Ni zan tono muryarta da kaina, ko zan shekara ina saurare. Abin da ya rage mini ke nan a duniya, kuma a hannunki yake, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Sakka

* * *

Parepare

Daeng,

Ina gaishe ka, ko ba za ka amsa ba. Aji Upe ta je ta dawo, ta sake zuwa hannu wofi, ta ce kana fitowa har bakin hanya ka tare ta. Ban san yadda zan rubuta wannan ba ne.

Bidiyon babu shi.

Zan faɗa maka daki-daki, in za ka tsine mini ka tsine da sani.

Tun ina jiran amsarka kan cire ɗaya, na yi wa Jumardin ƙorafi a waya. Da suka zo gaida Daeng Nahariya, ya karɓi makullin shago ya ce zai duba, ni ina wurin aiki. Yaron ya rasa yadda zai yi, ga ni ina masifa, ga kai ka ce biyu. Sai ya kashe na gidan, ya danne shi yadda ba zai sake farkawa da kansa ba, ya bar naka, don in ka tambaya a ce faifan Baba yana aiki. Bai gaya mini ba, yana tsoron kada in rubuta maka. Cewa kawai ya yi ya ɗan gyara.

Kwamfutar ta yi dama-dama, amma naka bai daina tsayar da ni ba, kullum sai ya tashi bincike a tsakiyar aiki. Bayan rasuwar, tun kafin takardarka mai cewa kada a tace komai ta iso, na rantse sai na fito maka da muryarta kafin arba'in. Na cire naka gaba ɗaya. A sanina, in baƙo ya tafi, na gida yana tashi ya koma bakin ƙofa. Ban duba ba. Ni ma ban gaya wa Jumardin ba, don kada ya kai maka. Shi ya kashe ɗaya yana dogara da ɗayan, ni na cire ɗayan ina dogara da wanda aka riga aka kwantar. Kwamfutar ta yi ta gudu, ina ta murna.

Na samo wata manhaja ta kyauta a intanet, an ce tana raba kiɗa da murya. Na sauke ta, ba wanda ya ce mini kul. Na kunna, na je na ɗauro alwalar azahar. Da na dawo allon ya yi ja, an rubuta cewa an kulle duk abin da ke ciki, in ana so a buɗe sai a biya wasu da ba su da suna ba su da gari. Rumbun ajiyar yana jone, shi ma ya tafi. Bikin Rosmini, da na mutanen Pinrang, da komai.

Mun yi yawo da ita wurin masu gyara a Makassar. Na ce zan sayar da kamarata in biya, suka ce inda ake aika saƙon ma an rufe shi, ba wanda zai amsa. Na bi gida gida ina roƙon abin da mutane suka ɗauka a wayoyinsu. Na sami amarya, na sami makaɗa, na sami ƙeyar Daeng Nahariya tana wucewa da tire. Ba wanda ya je can baya wurin tukwane.

Ka ce mutum biyu ka bar wa ita. Gaskiya ne, kuma zan ɗauki rabona har kabari. Amma Daeng, kafin a zo kan mutum nawa ne, ka bar ta, daga nan zancen ya fara. Kana can wata ƙasa kana tsara masu gadi, mu kuma a nan kowa yana ɓoye wa kowa gaskiya don kada ranka ya ɓaci.

Cenning

* * *

Kalabakan

Cenning,

Ba gaisuwa.

Na karanta. Na yayyaga, na tsince, na jera, na sake karantawa. Kin iya jera laifi yadda kike jera hotuna, kowa da wurinsa, nawa a tsakiya, ya fi na kowa girma. To na karɓa. Ni na sayi faifan, ni na ce biyu, ni na tafi. Da na zauna a Parepare, da me za a yi bikin da kika ɗauka? A wace kwamfuta za ki zuba shi? Ku ci gumina, sannan ku ce na gudu.

Kada ki aiko mini da ƙeyarta. Na san ƙeyarta, ita na gani ranar da jirgi ya tashi da ni, don ta ƙi juyowa in ga tana kuka.

Abu ɗaya nake so daga gare ki, daga nan ba ni ba ke. Kin daɗe zaune a kan bidiyon nan, kin kalli bakinta. Ba yadda za a yi ki ce ko kalma ɗaya ba ki kama ba. Me ta ce? Kada ki yi mini ƙarya don ki sanyaya mini rai, zan gane, na san irin maganarta. Me ta ce, Cenning?

Sakka

* * *

Parepare

Daeng,

Ina gaishe ka duk da haka. Rosmini ta fara cin abinci, tana tambaya ko ka ambace ta.

Na yi kwanaki da alƙalami a hannu ina shirya maka ƙarya mai kyau. Na rubuta “ta ce ta yafe maka,” na rubuta “ta ce ka dawo gida.” Na ƙona su duka. Ban san abin da ta ce ba. Wallahi ban sani ba.

Abin da idona ya gani shi zan ba ka, don na kalle shi har na haddace.

Tana ɗaure da koren zanen siliki, wanda ka aiko mata, hannun rigarta a naɗe don tana rabon abinci. Ta gyara ɗankwali, ta dubi kamarar kamar baƙon da ya shigo ba sallama. Ta buɗe baki ta rufe. Abin da ta fara faɗa “Baban Rosmini” ne, wannan kam na tabbata, na saba ganinsa a bakinta. Daga nan ta yi dariya ta rufe baki da bayan hannu. Sai dariyar ta tsaya. Ta yi magana mai tsawo tana kallon ƙasa, tana murza zoben hannunta. Ta nuna rufin gida, ban san me take nufi ba. Ta ɗaga yatsa ta kaɗa maka shi sosai, yadda take yi wa kaji in sun shiga kicin. Ta taɓa kunnenta, ta nuna ka. Sannan ta ɗaga hannu ta buɗe maka yatsun da lalle ya rina, ta daɗe riƙe da su a gaban kamarar.

A ƙarshe ta matso har fuskarta ta cika allon, ta faɗi wani abu gajere, bai fi numfashi ɗaya ba. Wata mata ta kira ta daga kicin, ta juya, ta goge ido da gefen ɗankwali, ta tafi. Kamarar ta ci gaba da ɗaukar tukwane har na zo na kashe.

Iyakar abin da nake da shi ke nan.

Jumardin ya wanke kwamfutar tas, ya tashi na gidan, shi kaɗai. Tana aiki lafiya lau, ba komai a cikinta, ni kuma na kasa buɗe ta. Faifanka yana durowa, in kana so in ba Aji Upe ta maido maka.

In ka ce ba kai ba ni, na ji. Kabarin dai ina share shi duk Juma'a, kuma ba na tsayawa in ji ko wani ya riga ni.

Ƙanwarka,
Cenning

* * *

Kalabakan

Ndi,

Salamu alaikum. Ina nan da rai. A gaida Rosmini, ki ce mata ba ita ba ce. Jumardin ma a gaishe shi.

Ki bar faifan inda yake.

Ran Lahadi samari sun tafi ƙwallo, ɗakin ya zama nawa. Na sauko da abin kunnen daga ƙusa, na kaɗe ƙura, na sa shi. Igiyarsa tana lilo a ƙirjina, ba a jone da komai ba. Na buɗe takardarki na bi ta a hankali, layi layi, ina ba ta lokaci ta gama kowace magana. Rufin yoyo yake yi, na sani, tun kafin in taho na yi alkawarin gyara shi. Yatsan kuwa ko na kofi ne ko na taurin kai, duka biyun na ci.

Da na zo wurin da ta matso ta faɗi ɗan gajeren abin nan, na danna soson a kunnena da hannu biyu. Na ce, “Na'am?”

Ba ta maimaita ba.

Yayanki,
Sakka